Ranar da Na Ɗaga Hannu

Ni katikis ne. Aikina koya wa yara katikisma, da shirya masu neman baftisma, da jan sujada ran Lahadin da Fada bai sami zuwa ba. Amma duk wanda ya yi hidimar ikilisiya a ƙaramin wuri ya san yadda abin yake: kayan da aka rasa mai ɗauka, a kan katikis ake sauke shi. Haka ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantarmu ta faɗo hannuna a shekarar 2014, ba domin na fi kowa sanin wasa ba, sai domin ni kaɗai ne ba ni da wani uzuri ran Asabar.

Muna zaune a Malam, can bakin Ankara ta yamma, inda hanyar da ta fito daga Lapaz take haɗuwa da ta Kaneshi, su nufi Kasowa. Amma a Nima aka haife ni. Iyayena daga Arewa suka zo neman abinci, kamar iyayen yawancin waɗanda muke sujada tare, kuma Hausar zango ce ta haɗa mu da Bafrafre da Bakusashe da Bamoshe, da ita muke ciniki, da ita muke addu'a. Firamaren mishan na yi, daga nan karatuna bai yi nisa ba. Ƙwallo kuwa a filin Kawo Kuɗi na koye ta, ƙafa ba takalmi. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya a 1991 sa'ad da yaran Gana 'yan ƙasa da shekara 17 suka ci Sifen ɗaya da nema a ƙasar Italiya, suka ɗauko kofin duniya. Daren nan ba wanda ya yi barci daga Nima har Mamobi. Na faɗi wannan domin mai karatu ya san cewa abin da zan ba da labarinsa ba daga bakin maƙiyin wasa ya fito ba.

Makarantu shida ne muka haɗa 'yar gasa tsakaninmu a wajejen Malam da Gbawe. Biyu na mishan, tamu da ta wata ɗarika. Biyu na gwamnati. Ɗaya Islamiyya ce, irin wadda ake koyar da boko da Arabiyya tare. Ta shida kuwa makarantar kuɗi ce da ke bisa tudu. Ba mu da suna a wani ofis, ba mu da hatimi. Littafi ɗaya ne mai bangon kwali da ake rubuta sakamako a ciki, da kofi ɗaya wanda hannunsa guda ya karye. Filin jar ƙasa ne, da damina ruwa yakan kwanta a rabinsa har agwagi su yi iyo a gaban raga. Duk da haka ran Asabar sai ka ga mutum ya fi ɗari uku a bakin fili, masu koko da ƙosai da masu ruwan leda suna ta ciniki.

Shekaru biyun fari abin yana da daɗi, gama ba wanda ya san mai ci sai an tashi. Daga baya makarantar tudu ta fara nisa da mu, kuma a gaban idonmu aka yi. Suna da yara sun fi dubu, mu duka-duka ba mu kai ɗari biyu da hamsin ba. Suka ɗauki koci na albashi. Suka sayi bas. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk yaron da ya yi fice a cikin sauran makarantu biyar, kafin zangon karatu ya zagayo an je gidan iyayensa an ce an yafe masa kuɗin makaranta, ga riga, ga abincin rana. Wace uwa ce za ta ƙi? Yaron da na koya wa tsayar da ƙwallo da ƙirji a bara, bana shi ne yake zura mana ita, ya juya baya ba ya son mu haɗa ido. Ban da wannan, akwai waɗansu cikin 'yan wasansu da takarda ta ce shekarunsu goma sha uku, alhali muryarsu ta riga ta buɗe. Ba su kaɗai suke wannan ba, kada in yi musu ƙarya. A zamaninmu ma da sanda ake auna tsawonmu domin ba a yarda da takarda ba, kuma FIFA da kanta sai da ta koma ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a 2009 kafin ta bar yaro ya shiga gasar 'yan ƙasa da 17.

A cikin watan Nuwamba na 2018 suka ci mu goma sha huɗu da nema.

Golanmu a ranar ɗan shekara goma sha ɗaya ne, ɗan wata gwauruwa mai sayar da wake da shinkafa a mararrabar Malam. Ɗan siriri ne, amma ba ya tsoron ƙasa. Kafin hutun rabin lokaci an zura masa takwas. Na dubi benci, ba ni da wani gola, sai na dafa kansa na ce ya daure. Suna ci suna rawa, 'yan kallonsu suna ƙirga ƙwallayen da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Da alƙalin wasa ya busa tashi, kowa ya watse, shi kuwa ya zauna a gindin turken raga ya ƙi motsi. Na je na tsuguna kusa da shi. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Ya cire safar hannun da muka aro masa, ya ninke, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Baba Katikis, don Allah kada ka ƙara sa ni." Asabar ta zagayo bai zo fili ba. Lahadi ta zagayo bai zo ajin katikisma ba, domin yaran ajin sun laƙaba masa suna Sha Huɗu.

Da wannan zafi a zuciyata na tafi taron da muka kira a farkon 2019. A ajinmu aka zauna, manya a kan kujerun yara, gwiwa tana taɓa haɓa. Magana ɗaya ce a gabanmu: a sake tsara gasar, makarantu biyar su ci gaba, ta tudu ta nemi tsaranta. Shugaban wata makarantar gwamnati ya faɗa a fili cewa in ba a yi haka ba su sun fita, gama iyaye sun fara hana 'ya'yansu zuwa a kunyata su.

Ni na fi kowa dogon bayani, har da tarihi na kawo. Mahaifina, Allah ya ba shi hutawa, ɗan Kotoko ne na gani-kashe-ni, kuma har ya koma ga Ubangiji bai yafe abin da aka yi a farkon shekarun 1960 ba, lokacin da Ohene Djan, shugaban wasanni na gwamnatin Nkrumah, ya tara ƙungiyar Real Republikans ta wurin tsamo gwanaye daga manyan ƙungiyoyin ƙasar. A cikin waɗanda aka ɗauke wa Kotoko har da Baba Yara, wanda babban filin wasan Kumasi yake ɗauke da sunansa. Ƙungiyar nan ta ci kofin ƙalubale sau huɗu a jere, daga 1962 zuwa 1965, ta ci gasar ƙasa a 1963, sa'an nan aka rushe ta bayan juyin mulkin 1966. Na ce wa taron, ga shi nan, an taɓa yi: wanda ya kwashe ƙwai daga akurkin kowa ba shi da bakin yin fahariya da yawan 'yan tsakinsa. Aka yi tafi. Abin da ban faɗa ba, ko da yake na san shi sarai, shi ne a cikin shekarun nan ne Gana ta ci kofin Afirka har sau biyu, a 1963 da 1965, kuma da yawa cikin waɗanda suka ci shi a wannan ƙungiya suka goge. Na ɗauki rabin labarin da ya yi mini daidai, na bar sauran a aljihu.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, shi ne malamin Islamiyya, dattijo mai sanyin magana, wanda makarantarsa ta fi kowace shan kashi. Ya bari kowa ya gama, sa'an nan ya ce, "Katikis, na ji maganarka, kuma yaron nan naka na gan shi da idona. Amma in ka sare itacen da ya fi tsawo a dawa, gobe wani ne zai fi tsawo. Ku bar su a ciki, mu ɗaure musu ƙafa." Ya kawo shawara uku. Kada yaro ya buga wa makaranta sai ya cika shekara guda a cikinta. A dawo da sandar awo, kowa ya bi ta ƙarƙashinta. In kuma tazara ta kai ƙwallo biyar, mai rinjaye ya fitar da mutum ɗaya. Muka yi dariya, har wani ya ce wannan ai wasan 'yar tsana ne, ba ƙwallo ba. Wakilin makarantar tudu, wanda ya yi shiru tun da aka fara, ya ce ta fari da ta biyu za su iya dubawa. Ba mu ko tsaya jin ƙarshen maganarsa ba, gama mun riga mun yanke tun daga gida.

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannu huɗu suka tashi, nawa ne na fari. Wakilin tudu ya tattara takardunsa, ya yi mana sallama da ladabi, ya fita. A ƙofa ya juyo ya ce ragar da ke fili tasu ce, amma sun bar mana.

Sai bayan tafiyarsu muka fara ƙirga abin da ya tafi tare da su. Ashe su suke biyan alƙalan wasa. Ashe ƙwallayen da muke bugawa, huɗu cikin biyar nasu ne. Basinsu ce take kwaso yaran Gbawe in ruwa ya cinye hanya. 'Yan kallo suka ragu, domin mutane, ko da bakinsu yana zagin mai ƙarfi, ƙafarsu wurinsa take zuwa. Masu farautar yara gwanaye, waɗanda dā sukan tsaya a bakin fili da ɗan littafi a hannu, suka bi makarantar tudu zuwa inda ta koma wasa da manyan makarantun ƙwallo. Kwasar yara kuwa ba ta tsaya ba ko kaɗan. A cikin shekara guda uku daga cikin nawa suka koma can, sai dai yanzu ba ma ko ganinsu ran Asabar.

A nan dole in yi adalci ga iyayen da suke sakin 'ya'yansu. Duk ɗan zango ya san labarin Mohammed Kudus. A Nima ya tashi, a ƙungiyar yara ta Strong Tower ya fara, daga nan makarantar Right to Dream ta ɗauke shi yana yaro. Ya tafi Nordsjaelland ta Denmak a 2018, Ajax ta Holan a 2020, West Ham ta Ingila a 2023, Tottenham a 2025, kuma shi ya ci wa Gana ƙwallo biyu a kan Koriya ta Kudu a gasar duniya ta 2022. Ranar da aka ɗauke shi daga Nima, lalle akwai wata ƙungiyar yara da ta rasa gwaninta. Wa zai ce da an bar shi domin gasar unguwa ta yi daidai? Ni ban isa ba. Abin da nake cewa kawai shi ne, a bayan kowane ɗaya da ya tafi akwai goma da suka rage, su ma 'ya'yan mutane ne, kuma su ne aka ba ni amana.

Cutar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, ba a koma sosai ba sai Janairun 2021. Da muka dawo fili, sai ga wani abin da ban taɓa tsammani ba. A cikin biyar da suka rage, mu ne masu ƙarfi. Ikilisiya ta saya mana riguna da takalma, wani ɗan'uwa da ke aiki a Jamus ya aiko da ƙwallaye, yaran makarantun gwamnati biyu suka fara komowa wurinmu. Ban je gidan kowa na roƙa ba, amma ban kuma kori kowa ba. Muka ɗauki kofi a 2021, aka kai shi gaban bagade ran Lahadi, aka yi godiya. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

A 2022 muka ci Islamiyya tara da nema. Ina tsaye a bakin layi ina ta ihu a ƙara, gama yawan ƙwallaye yana da amfani a lissafin ƙarshe. Wajen ta bakwai ne na ji yaranmu na bakin fili suna ƙirgawa da ƙarfi, da irin muryar nan da na sani. Na waiwaya na dubi golansu. Wani ɗan ƙaramin yaro ne da wandon makaranta, yana share hanci da bayan hannu. Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi, amma ban tsayar da kome ba, aka ƙara biyu.

Bayan an tashi Malam ya tako har inda nake, ya ba ni hannu, ya yi mini barka. Sa'an nan ya ce, yana murmushi, "To, Katikis, yaushe za mu zauna taron korarku?" Ya wuce abinsa. Tun ina yaro nake jin labarin Dawuda da Goliyat, na kuma koyar da shi ya fi sau ɗari, kullum ina sa kaina a gefen Dawuda. Daren nan da na kwanta, labarin da ya zo mini shi ne na annabi Natan, da mai garken da ya ƙyale nasa ya kama 'yar tunkiyar matalauci.

Da na kai kukana wurin wani Fada da ya yi karatu a Amurka, sai ya yi dariya ya ce abin da muka yi a ajin yara, masu digiri sun yi shi a jihar Minesota, kusan a lokaci ɗaya da mu. Akwai wata haɗakar wasanni ta ƙananan kwalejoji a can, ana ce mata MIAC, wadda aka kafa a 1920, yawancinsu kuwa ikilisiyoyi ne suka gina su: Katolika, da Lutheran, da Methodist, da Baptist. A rukuni na uku suke, inda ba a ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa haɗakar, Jami'ar St. Thomas ta Katolika, ta yi girma har ɗalibanta suka kai wajen dubu shida, kusan ninki biyu na mai bi mata. A 2017 ta ci kwalejin St. Olaf 97 da nema a ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a gudu, inda kai ta gida sau ɗaya maki shida ne. A watan Mayu na 2019 aka ba da sanarwar an fitar da ita ba da son ranta ba, kuma aka faɗa a fili cewa ba ta karya wata doka ba, rashin daidaiton ƙarfi ne dalili, gama waɗansu sun ce in ta zauna su za su tashi. St. Thomas ta sami izini na musamman ta tsallake daga rukuni na uku zuwa na ɗaya a 2021.

Na tambaye shi, to, sauran sun huta? Ya ce in saurara. A shekarar nan ta 2017, wasan St. Thomas da babbar kishiyarta Saint John's ya tara mutum fiye da dubu 37, abin da ƙananan kwalejoji ba su saba gani ba. Wannan wasa ya mutu da rabuwar. Kuma Saint John's ɗin, wadda ta rage a ciki, ita ma a 2017 ta ci wata kwaleji mai suna St. Scholastica 98 da nema. Wa aka shigo da shi haɗakar a 2021, bayan fitar St. Thomas? St. Scholastica. Muka yi dariya har na share hawaye, ko da yake dariyar ba ta daɗi ba ce.

Ba ina cewa sake raba rukuni kullum kuskure ba ne. Hukumar ƙwallon Gana ta raba gasar rukuni na ɗaya shiyya uku, kuma an ga ta tsaga shiyyar da ta haɗa Arewa da yankin Bono gida biyu, zakarun ɓangarorin su kara a ƙarshe. Ta haka Bofoakwa Tano ta Sunyani ta haye babbar gasa a 2023 bayan ta fitar da Eleven Wonders ta Techiman. Duk wanda ya taɓa zama a mota daga Bolga zuwa Sunyani ba zai yi gardama da wannan ba. Rabon da aka yi domin nisan hanya da kuɗin mai yana maganin abin da aka yi shi dominsa. Namu rabon domin kunya muka yi shi, kunyar kuwa ba daga jadawalin wasa ta fito ba. Daga yawan yara ta fito, da kuɗi, da ƙofar da aka bari a buɗe kowa ya kwashi na wani. Ƙofar nan muka bar ta yadda take, muka kori wanda ya fi mu iya shiga ta cikinta.

A farkon 2023 na rubuta wasiƙa da hannuna, na hau tudu na kai. Shugaban makarantar ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa, ya karanta har ƙarshe. Ya ce ya gode, amma Asabar ɗinsu duka a cike take har ƙarshen shekara, kuma yaransu sun saba da fili mai ciyawa. Ban ga laifinsa ba. Na sauko da ƙafa.

Shawarwarin Malam uku kuwa mun karɓe su a shekarar, ni na kawo maganar, shi ya yi shiru kamar ba daga bakinsa suka fara fita ba. Sandar awo tana jingine a ofishina, kusa da sandar gicciyen da muke ɗauka a zagayen Ista. Dokar ƙwallo biyar ta fara aiki a kanmu, kuma ranar da na fitar da ɗan wasana na fari iyayen yaranmu sun kusa cinye ni ɗanye. Wata uwa ta bi ni har ƙofar majami'a tana tambaya ko Islamiyya ce take biyana albashi. Har yanzu mu muke yawan ci, sai dai da uku ko huɗu. Ɗaya daga cikin makarantun gwamnati tana ta maganar komawa wata gasa ta wajen Weija, inda take ganin za ta fi samun sa'o'inta. In ta tafi mun koma huɗu.

Golana na dā bai ƙara komowa ajin katikisma ba, sai a wata ikilisiya aka yi masa tabbatarwa. Yanzu saurayi ne, yana koyon walda a wani gareji kusa da mararraba. Da damina ta wuce sandar saman ragarmu ta rube ta karye, na je wurin maigidansa neman mai gyara, sai aka haɗa ni da shi. Ya zo da injinsa a kan baro da sassafe ran Asabar, ya auna, ya yanke, ya liƙa, ya kama sandar ya yi lilo da ita domin ya gwada ƙarfinta. Na ciro kuɗi, ya ce, "Haba Baba, ni da ku?" Na ce to ya tsaya ya ga wasa, yara sun fara taruwa, saura rabin sa'a a fara. Ya dubi ragar, ya dubi ɗan golanmu na yanzu da yake ɗaura igiyar takalmi. Ya ce aiki yana jiransa a gareji. Ya naɗe wayarsa, ya ɗora a baro, ya tura.